Yadda Na Kwatanta Shigowar Musulunci Kano da Shigar Kiristanci Aksum

Aikina na kammala digiri shi ne kwatanta yadda Musulunci ya shigo Kano da yadda Kiristanci ya shiga daular Aksum ta ƙasar Habasha. Malamina ya gindaya mini sharaɗi: ban da yanke hukunci kan aƙida, wannan fagen malaman tauhidi ne. Duk tambayar da na yi wa Kano sai na yi wa Aksum: wa ya kawo, wa ya fara karɓa, ina tsohon addinin ya nufa, wa ya rubuta labarin kuma yaushe?

Ta ƙarshen ce ta fi cin lokacina. Sarki Ezana na Aksum, a ƙarni na 4, ya bar shaida tun yana raye. Kuɗin da ya fara bugawa na ɗauke da faifan rana da jinjirin wata, na baya kuwa gicciye ne a jikinsu. A rubutunsa na farko a kan dutse ya kira kansa ɗan Mahrem, gunkin yaƙi. Daga bisani sai ga shi yana ambaton Ubangijin Sama.

Kano ba ta da irin wannan. Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ce Wangarawa, 'yan kasuwa da malamai, sun zo da Musulunci daga Mali zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Amma galibin masana na ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka rubuta shi. Wani rubutun Larabci na wajen 1650 kan asalin Wangarawa kuma ya sa zuwan jagoransu Abdurrahman Zaite a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kusan shekara 100 bayan Yaji. Na ajiye ruwayoyin biyu a gefen juna, ban matsa musu su daidaita ba.

Duk da haka ban raina littafin Tarihin Kano ba. Shi ne ya faɗi cewa Kanajeji ɗan Yaji ya koma ga tsafin kakanni da yaƙi da Zazzau ya yi masa wuya. Marubuci Musulmi ba zai ƙago wannan don yabon fada ba, shi ya sa na fi ba shi nauyi.

A nan ƙasashen biyu suka haɗu: fada ta riga ƙauye karɓar sabon addini nesa ba kusa ba. A Habasha sai ƙarshen ƙarni na 5 wasu masu wa'azi da ake kira Waliyyai Tara suka kai Kiristanci karkara, a ƙasar Kano kuwa Maguzawa sun riƙe addinin gargajiya har cikin ƙarni na 20.