Marieme, da ƙawata ta Tawa

Daren Asabar wuta ta ɗauke a unguwar Bukoki ta Yamai, sai na kunna "Bande de filles" a kwamfuta, fim ɗin Céline Sciamma na 2014. Ƙanwata Hadiza ta zo ta zauna kusa da ni da kwanon dambu.

Marieme, jarumar fim ɗin, ƴar shekara 16 ce a unguwannin bayan Paris. A lakwal an ce mata makinta bai kai ta shiga lise (babbar sakandare) ba, a gida yayanta yana dukanta, uwarta tana aikin shara. Sai ta faɗa cikin ƴan mata uku, suka raɗa mata suna Vic. Tana son Ismaël, abokin yayan nata, kuma ta san abin da unguwa za ta kira ta in magana ta fito.

Wurin da suka kama ɗakin otel suna rawa da waƙar Rihanna ne ya karya min zuciya. Na tuna wata ƙawata a garin Tawa, wadda muke raba fanke ɗaya lokacin hutu. An gan ta sau biyu tana hira da wani yaro, shi ke nan. Kafin jarrabawar birebe aka ɗaura mata aure. Shi yaron ba wanda ya ce masa uffan. Ni ma, don tsoron Inna, na daina zuwa gidansu, har yau abin yana cina.

Hadiza ta ce, "Yaya, can ma haka ake yi wa mata?" Na ce mata in wani ya fara yi mata magana, ni za ta fara gaya wa.