Baturan gidan Yaya

Asabar, tsakiyar watan Afrilu, Katsina.

Da hantsi Yaya ta kira ni daga gidanta na Ƙofar Marusa, ta ce solarsu ta fara ɗauke wuta tun kafin ƙarfe 2 na dare, yara su farka sharkaf da gumi, alhali baturan ba su cika shekara 2 ba. Sun sa solar ne bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da janareta ya fi ƙarfin aljihun gidaje da yawa. Ta ce, "Auta, anya ba jabu aka sayar mana ba?" Na roƙe ta ta dakata da zargi har mu gani da ido, sannan bayan azahar na biya na ɗauko wani mai haɗa sola da na yarda da aikinsa.

Tun daga bakin ƙofar ɗakin da aka ajiye baturan jikina ya yi sanyi. Sito ne da ke manne da kicin, rufin kwano babu silin, babu taga, ga baturan ruwa guda 2 irin dogayen nan da ake kira tubula, kowanne bolt 12, amfiya 220, an jingina su da buhunan gero. Na dafa gefen ɗaya na ji shi kamar tukunyar da aka sauke ɗazu. Kawunansu, inda waya take kamawa, sun yi wani gari fari mai ratsin kore, sandunan da ke nuna yawan ruwa kuma duk sun nutse. Da mai gyaran ya kwance murfi ya haska fitilar wayarsa, sai ga saman farantan dalmar a bushe.

Masu ƙera irin wannan batir suna lissafa tsawon ransa ne a yanayin digiri 25, kuma sananne ne cewa duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan haka yana cinye rabin kwanansa. A Katsina kuwa zafin bazara yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano. Batirin da zai iya kaiwa shekara 4 ko 5 idan ya sami kulawa, a irin wannan ɗaki ba abin mamaki ba ne ya kwanta kafin ya cika 2. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kusancinsa da murhu, domin batirin ruwa yana fitar da iskar haidirojin yayin da yake caji, ita kuwa idan ta taru a rufaffen wuri tartsatsi kaɗan ya ishe ta.

Babban ɗan Yaya ya ce yakan ƙara musu ruwa idan ya tuna, amma na leda yake zubawa, tunda shi ne mai tsabta. Mai gyaran ya ce masa, "Ɗan samari, tsabtar da cikinka yake so daban, wadda batir yake so daban." Ruwan leda da na rijiya da na famfo duka suna ɗauke da gishiri da ma'adinai da ke lalata farantai sannu a hankali, saboda haka tataccen ruwan batir kaɗai ake zubawa. Ba a kuma ƙara asid, domin ruwan ne yake ƙafewa, asid ɗin yana nan.

Sai muka zauna a tsakar gida muka yi lissafi a bayan wata takarda, kuma a ganina nan ne ainihin ciwon yake. Baturan biyu idan sun cika suna riƙe da abin da ya kai wat 5,280 na awa guda, amma batirin dalma ba ya son a sha fiye da rabinsa, wato kimanin 2,600. Fanka 3 masu cin wat 70 kowacce, idan suka yi awa 10, sun sha 2,100. A ƙara firiza da ke kwana a kunne, da talabijin, da fitilu, da dutsen guga mai cin kusan wat 1,000 da ake gogar kayan makaranta da shi bayan isha'i. Kowane dare sai an tatse baturan har inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin wadda kayan gida ke amfani da ita, ta yi ƙara ta mutu. Da yaron ya hau rufi kuma ya shafa allunan solar, yatsansa ya bar layi a cikin ƙurar da ta kwanta tun hunturu, ke nan da rana ma ba sa ƙoshi. Batirin da yake wuni bai cika ba, ya kwana a tatse, wani farin gishiri yake kama farantansa ya taurare, daga nan kuma ba ya ƙara riƙe caji kamar da. Yana ƙona mini rai yadda ake haɗa wa mutane kayan maƙudan kuɗi a tafi, ba tare da an zaunar da mutanen gidan an faɗa musu wannan ba.

Da aka cire wayoyi aka bar baturan suka huta, mita ta nuna bolt 12.4 a ɗaya, ɗayan kuma 10.5. Kowane batir yana da ɗakuna 6, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, don haka 10.5 ɗin nan tana nufin ɗaki guda ya mutu. Yaya ta ce to a sayo sabo guda a haɗa da mai sauran numfashin. Mai gyaran ya ce, "Hajiya, kada ki yi asarar kuɗinki, tsohon zai ja sabon ƙasa, cikin 'yan watanni su zama ɗaya." Ya kawo mata maganar batirin litiyam, wanda ba ya buƙatar ruwa, ana iya shan kashi 80 cikin 100 na cajinsa ba tare da ya cutu ba, kuma mai kyau yakan kai shekara 10. Sai dai kuɗinsa na farko yana da nauyi, dole a duba ko inbatarsu za ta karɓe shi, shi ma kuma ba ya shiri da zafi.

Na ja hankalin Yaya a kan tsofaffin baturan, cewa kada a bar su a tsakar gida, kada kuma a bari 'yan gwangwan su fasa su a ƙofar gida su zubar da ruwan. Dalma ce a ciki, irin gubar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, duk da cewa can daga aikin haƙar zinariya ta fito. Gara a mayar wa dillalin batura a rufe, ya rage kuɗinsu daga na sababbin.

Kafin la'asar sakaliya mun mayar da baturan wani lungu mai iska kusa da zaure, a kan katako, an wanke kawunan an shafa musu basilin, an rufe farantan da ruwan batir, yaron kuma zai wanke allunan gobe da sassafe kafin su ɗau zafi. Guga ta koma tsakar rana, firiza za a riƙa kashe ta da magariba. Maigidan yana Daura sai Talata zai dawo, ranar ce mai gyaran zai kawo farashin tubula biyu da na litiyam guda su zaɓa.