Likita Ya Ce Wata 6, Na Yi 2

Ƙannena, musamman ku da ke bin motocin albasa daga Aliero zuwa kudu, ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da zan faɗa a jikina ya faru.

Tari ya kama ni a ƙarshen damina, ya ƙi sakina. Na shanye kwalabe uku na maganin kemis, na sha citta da zuma, shiru kake ji. Ga zufar dare har shimfiɗa ta jiƙe, ga rama har wando ya daina zama a ƙuguna. Inna ce ta gaji ta ce, "Wanga tari ba na sanyi ba na, tashi ka tahi asibiti." Aka ba ni ƙaramar roba na tofa kaki, aka gwada a GeneXpert, na'urar da ke gano ƙwayar cutar a cikin kaki. Tarin fuka ne, wanda muke kira tibi.

Likitan bai yi mini rowar bayani ba. Ya juya katina ya zana layi biyu: wata 2 na farko magani huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, wata 4 na baya magani biyu. Kullum da safe, kafin in sa komai a baki, kuma ko sisi ba zan biya ba. Ya ce fitsarina zai yi ja kamar an ɗiga manja, aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan, kada in tsorata. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, za ka ji sauƙi tun kafin ka warke. A nan mutane ke guje mana."

Na ce to. Dukanmu mun iya cewa to a gaban likita.

Kafin wata 2 ya cika tarin ya kwanta, kumatuna sun ciko, tuwo ya dawo da daɗinsa. Sai ga kakar albasa, ga mota za ta Legas. Na ce a raina, mai lafiya me zai je yi layin magani? Ma'aikaciyar asibitin ta kira ni ya fi sau biyar, ina ganin lambar ina kife wayar. Da na ɗauka sau ɗaya, ƙarya na yi mata, na ce ina sha. Wannan ƙaryar ta fi barin maganin ci mini rai, domin baiwar Allah nan da katin wayarta take nemana.

Bayan 'yan watanni na dawo a kwance bayan mota, ina tofar da jini.

Likitan ya daɗe yana kallon tsohon katin, duk gidajen kwanakin shan magani da ba a cike ba. Na zaci zai zage ni. Muryarsa ce kawai ta yi rawa: "Ina ka shiga? Mun neme ka. Ka san da wa kake kwana ɗaki ɗaya?" A lokacin 'yata ba ta kai shekara 3 ba. Da ina cikin masu cewa likitoci faɗa gare su da wulaƙanci. Ran nan na gane fushin mutumin da ya riƙe maka tsani, kai kuma ka diro da gangan.

Gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta daina jin rifampicin. Haka take yi: magani ya kashe raunanan, ka tsaya a tsakiya, masu taurin kan su hayayyafa. Aka ɗora ni a kan wani maganin na wata 9, ƙwayoyi cike da tafin hannu, ga tashin zuciya. Wasu da na tarar a can nasu ya kai wata 18. An gwada kowa a gidanmu, aka ba yarinyar maganin kariya. Allah ya tsare ta, ba dabarata ba.

Don haka tarin da ya wuce mako 2, ku kai shi asibiti. In an fara muku magani kuma tafiya ta taso, ku je ku faɗa, kada ku sulale. Daga baya likitan ya gaya mini da na yi magana, da takarda zai rubuta mini in ci gaba da karɓa a Legas, kyauta, kamar yadda nake karɓa a gida.