Wasiƙa ga iyaye mata: kukan taje kai ba dole ba ne

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ya ku 'yan'uwana iyaye mata, da yayye, da duk wadda ake ɗora wa kan yarinya a cinya, ina gaishe ku daga nan kudancin Ingila, inda muke tsakiyar hunturu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kan ɗiyata mai shekara biyar, wadda Allah ya ba ta gashi mai cika da murɗewa, irin wanda sai an yi da gaske kafin yatsa ya ratsa shi ya taɓa fatar kai. Da muka zo nan ban sami wadda zan miƙa wa kanta ba, saboda haka wanki da tsifa da taza da kitso duk suka dawo hannuna, kuma a watannin farko na yi aikin yadda na san ana yi, wato a riƙe yarinya da ƙarfi, a kafa mataji a tushen busasshen gashi, a ja, idan ta yi kuka a ce mata ta yi haƙuri, ado ne. Ranar da na ɗauko mataji na ga ta shige ƙarƙashin tebur ta dafe kanta da hannu biyu, ranar na zauna na tambayi kaina ko wannan azabar wajibi ce.

Da daddare, bayan ta yi barci, na zare silin gashi ɗaya daga cikin matajin na ɗora a kan farar takarda a gaban fitila. Sai na ga ya naɗe kamar ƙaramar waya, ga wani ƙulli ƙanƙane a kusa da ƙarshensa, kuma babu ɗan farin tushen nan da ake gani a jikin gashin da ya faɗi don kansa, ma'ana karya shi na yi. Na duba sauran da ke cikin matajin, yawancinsu guntaye ne. Gashin da nake kira mai tauri ashe shi ne mafi saurin karyewa, domin ramin da yake tsirowa daga ciki a lanƙwashe yake, silin kuma ba zagayayye ba ne, yana da ɗan faɗi kamar zaren kaba, kuma kowace lanƙwasa a jikinsa wuri ne mai rauni. Haka nan maiƙon da fatar kai take fitarwa, wanda a gashi miƙaƙƙe yake gangarowa har ƙasa cikin sauƙi, a namu ba ya iya bin waɗannan lanƙwasoshi, sai ya tsaya a tushe ya bar sauran a bushe. Abin da hannunmu yake ji ya kira tauri, yawancinsa bushewa ce.

Wannan ya warware mini wani abin da na daɗe ina ji, cewa wai gashin wasu yara ba ya tsawo. Gashin mutum yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya a wata, wani ya ɗara kaɗan wani ya gaza kaɗan, to idan tushe yana turo santimita ɗaya mataji kuma yana karya santimita ɗaya daga baki, shekara za ta zagayo kai yana nan yadda yake. Ga kuma tsukewa: idan na kama jelar gashin ɗiyata na ja a hankali takan kai kafaɗarta, da na saki sai ta koma ta tsaya a kunne, kuma wannan komawar alama ce ta gashi mai lafiya.

Babban abin da na sauya shi ne na daina taɓa kanta da mataji yana bushe. Yanzu sai na raba gashin gida shida da yatsu, na ɗaure kowane kashi, sannan na ɗauki ɗaya na fesa masa ruwa mai ɗumi har ya jiƙe, na shafa masa kwandishana, wato abin shafawar da ke sa gashi laushi, da yawa har ya yi santsi, na fara warware shi da yatsuna, domin yatsa yana jin ƙulli ya tsaya, mataji kuwa wucewa kawai ya sani. Sai yatsu sun gama nasu nake kawo mataji mai manyan haƙora masu tazara, kuma ina farawa daga bakin gashin ina hawa sannu zuwa tushe, hannuna na hagu yana riƙe da kashin gam a sama da inda nake tajewa, don jan ya tsaya a hannuna kada ya kai ga fatar kanta. Kashin da na gama sai na murɗa shi gida biyu na ajiye, in ba haka ba kafin in kai na shida na farko ya sake cukurkuɗewa. Aikin yakan ci kusan awa guda, amma tana zaune tana wasanta, wani lokaci har ta yi gyangyaɗi a ƙafata.

Game da mai, na yi shekaru ina ganin cewa idan gashi ya bushe mai ake lafta masa. Gaskiyar ita ce mai ba ya jiƙa komai, aikinsa ya tsare ruwan da ya riga ya shiga kada ya fice da wuri. Man kaɗe da man kwakwa da man zaitun duk suna da kyau, amma bayan ruwa suke zuwa, kuma ɗan kaɗan a tafin hannu ya isa, a jikin gashin musamman bakinsa. Idan aka shafa mai a busasshen gashi, sai ya yi ƙyalli a ido alhali yana nan yana karyewa, kuma man da aka cika a fatar kai yakan tara ƙura ya kawo ƙaiƙayi. A nan Ingila na fi ganin muhimmancin wannan, domin na'urar ɗumama ɗaki tana tsotse danshin iska kamar yadda iskar hunturun gida take yi, ruwan famfon wannan yanki kuma yana ɗauke da sinadarin alli mai yawa da ke barin gashi da kaushi, don haka kwalbar feshi ba ta rabuwa da ni, duk bayan kwana biyu sai na ɗan yayyafa wa kitson ruwa na bi shi da mai.

Wanki sau ɗaya a mako ko a mako biyu ya wadatar, da sabulun wanke kai mai sauƙi, a cuɗa fatar kai da tafin yatsu ba da farce ba, a bar kumfar ta gangara ta wanke sauran. Kada a murje kan da tawul, a matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi. Da dare kuma hular satin ko rigar filo ta satin tana rage gogar da auduga take yi wa gashi, amma jariri ba a sa masa hula ko ɗankwali lokacin barci, saboda tana iya zamewa ta rufe masa fuska.

Inda nake so ku ba ni aron kunnuwanku sosai shi ne kitso. Mun ɗauka cewa kitson da ya ɗame shi ne kitso mai kyau, domin ya fi fitowa tsaf kuma ya fi daɗewa, har mukan yi wa mai kitso tuni cewa ta kama ƙananan gashin goshi kada ta bar ko ɗaya. Waɗannan ƙananan gashin su ne mafi rauni a kai duka, kuma jan da ake yi musu wata bayan wata yana kumbura ramin gashin, da farko gashin ya zube ya sake fitowa, daga baya ramin ya mutu ya zama tabo, kuma inda tabo ya zauna babu man da zai sake tsirar da gashi. Wata likitar fata ta Jami'ar Cape Town, Farfesa Nonhlanhla Khumalo, ta wallafa binciken da ta yi da abokan aikinta a Afirka ta Kudu a shekarar 2007, inda suka tarar da irin wannan zubewar gashi a kusan kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, a manyan mata kuma ta haura kashi 30 cikin 100, sannan ta fi yawa a kan da aka miƙar da sinadari kafin a yi masa kitso. Idan muka ga babbar mace gashin goshinta ya ja baya mukan ce gado ne ko ɗaurin ɗankwali, alhali sau da yawa tun tana ƙarama abin ya fara, garin neman gira aka rasa ido.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Idan aka gama kitso kika ga girar yarinya ta ɗage sama, ko fatar tsakanin layuka tana ƙyalli don miƙewa, ko ta kasa kwantar da kanta a filo, ko washegari ƙananan ƙuraje sun fito a goshi da ƙeya, to kitson ya yi tsanani kuma a ranar ya kamata a sassauta shi ko a tsefe, komai kyansa da komai wahalar da aka sha. Ba wa yarinya maganin ciwon kai don ta iya barci da sabon kitso rufe bakin mai ba da labari ne kawai. Ni dai yanzu manyan kitso nake yi mata, guda takwas ko goma, ina barin gashin goshi sakayau, ina sauya inda nake tsaga duk lokacin da na sake, kuma ba ya wuce mako biyu a kanta. Ba na ƙara mata gashin doki, domin nauyinsa ya fi ƙarfin tushen gashin yarinya, duwatsun ado ma biyu ko uku ne a bakin jela, waɗanda ba na sa wa yaron da bai daina kai abu baki ba. Robar ɗauri tsirara tana cin gashi, mai rufin yadi ta fi, kuma wajen cirewa almakashi nake sa mata.

Ranar tsifa kada gaba ya faɗi idan aka ga gashi ya taru a hannu. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, wanda yake cikin kitso kuma ba shi da hanyar faɗuwa, sai ya jira ranar tsifa ya fito gaba ɗaya. Abin lura shi ne a zare shi da yatsu kafin ruwa ya taɓa kan, don idan aka wanke shi a ciki sai ya dunƙule da mai rai ya zama curin da almakashi kaɗai yake rabawa. Na taɓa yin wannan kuskuren, kuma sai da na yanke mata wani ƙulli mai girman goro a ƙeya.

Na san da yawa daga cikinmu gajiya ce take kai mu ga man miƙar da gashi, kuma ban ga laifin uwar da take da yara huɗu da aikin gida ta nemi sauƙi ba. Sai dai ya kamata a san abin da ke cikin robar. Mai ƙarfin cikinsu yana ɗauke da sinadarin soda mai ƙuna, irin wanda ake haɗa sabulu da shi, wanda aka rubuta wa na yara kuma aka manna hoton yarinya tana murmushi shi ma ɗan'uwan wancan ne, aikinsu ɗaya, wato su tsinka ɗaurin da ke cikin silin gashi har ya kasa komawa yadda yake, kuma fatar kan yaro ta fi ta babba saurin ƙonewa. A shekarar 2022 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka sun fitar da binciken da ya bi mata sama da 33,000 na tsawon kusan shekara 11, inda aka ga masu amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa amfani da su wajen kamuwa da sankarar mahaifa. Masu binciken alaƙa suka nuna, ba su yanke cewa man ne sanadi ba, amma ni hakan ya ishe ni in bar wa ɗiyata wannan shawarar har ta girma ta yanke da kanta.

Akwai kuma abin da ba na kwalliya ba ne. Idan aka ga wuri zagayayye a kan yaro gashin ya kakkarye, fatar tana ɓarewa kamar amosani, wannan makero ne, kuma yana yaɗuwa ta mataji da hula da filo da injin aski, don haka maza ma ba su tsira ba. Shafe-shafe ba ya kashe shi, domin cutar tana cikin ramin gashin, sai likita ya duba ya ba da maganin sha na makonni.

Abu na ƙarshe da na gyara shi ne bakina. Yarinyar da take zaune tsakanin ƙafafuna tana jin duk abin da nake faɗa a kan gashinta, kuma a nan, inda yawancin 'yan ajinsu gashinsu yake kwance, ta taɓa dawowa ta tambaye ni yaushe nata zai sauko. Matsalar raina irin gashinmu ta kai har a shekarar 2022 hukumar kare daidaito da haƙƙin ɗan'adam ta Birtaniya ta fitar da jagora ga makarantu cewa kada a hukunta yaro saboda gashinsa na halitta ko kitsonsa, amma wannan jagorar ba za ta goge abin da uwa ta faɗa da bakinta ba. Na daina cewa kanta ya cika wahala. Ina nuna mata a madubi yadda yake miƙewa ya koma, ina barin ta ta zaɓi launin ribon, na kuma ba ta nata ƙaramin mataji da 'yar tsana mai irin gashinta. Makon jiya na same ta a ɗaki ta fesa wa 'yar tsanar ruwa, ta riƙe gashin da hannun hagu, tana tajewa daga baki tana ce mata ta faɗa idan da zafi.

Ina roƙon ku gaishe mini da yara duka.

Wassalam,
'Yar'uwarku daga Ingila.