Mun mayar da Camaro giyar hannu

Alhamdulillahi, Chevrolet Camaro ɗin nan ƙirar 1969 da muke aiki a kanta a garejin maƙwabcina a nan Amurka ta hau titi da giyar hannu. Da Powerglide ta zo, otomatik mai giya biyu kacal. Injin V8 mai wannan ƙarfi a ce giya biyu yake ja, abin ya daɗe yana damuna.

Muncie M21 muka saka mata, giyar hannu mai giya huɗu, irin wadda General Motors ke ƙerawa a garin Muncie na jihar Indiana a wancan zamani. Wasu sun ba mu shawarar Tremec mai giya biyar saboda sauƙin shan mai a babban titi. Shawara ce mai kyau, amma ni na fi son motar ta zauna da kayan zamaninta.

Ɗora giyabos ɗin bai ba mu wuya ba. Ƙananan abubuwa ne suka ci lokaci: fedar kuloci, sauya farantin bayan inji da fulawil mai nauyi (faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa), buga ɗan bushin a gindin karanshaf (sandar da ke juyawa a cikin inji), da yanke ƙasan mota domin sandar giya. Inda muka fi natsuwa shi ne daidaita kaskon da ke rufe kuloci da tsakiyar karanshaf. In ya kauce fiye da 0.005 na inci, giya za ta riƙa gardama, bearing kuma ya mutu da wuri.

Da na taka kuloci na jefa ta a giya ta biyu na ba ta wuta, wallahi sai da gabana ya faɗi don daɗi.