Ƙadangare da danginsa a bakin Hausawan Makka

Yaran Hausawa da aka haifa a Makka da Jidda sukan kira duk wani abu mai ƙafa huɗu da doguwar jela da suka gani a bango da sunan Larabci, wato sihliyya, kuma wannan yana damuna ƙwarai, domin Hausa ba ta cuɗa waɗannan halittu wuri guda ba. Ƙadangare shi ne wanda yake shan hantsi a kan katanga yana gyaɗa kai, jam'insa ƙadangaru, namijin nan mai jan kai kuwa jangwada ake ce masa. Tsaka daban take, ita ce mai fitowa da dare kusa da fitila, wadda Larabawa suke kira wazag, kuma hadisin da ya yi umarni da kashe ta yana cikin Bukhari da Muslim. Kulɓa, guza da hawainiya ma kowanne da sunansa.

Inda kalmar ƙadangare ta fi aiki shi ne cikin karin magana. Idan dattijuwa a unguwar Misfala ta ce wani ɗan'uwa ya zame mata ƙadangaren bakin tulu, ba sai ta ƙarasa da “a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa” ba, kowane babba ya gane cewa mutumin ya dame ta, amma zumunci ya hana ta ɗaukar mataki a kansa. Haka nan a lokacin aikin Hajji, idan wani ya samu masauki saboda alhajin da ya rako, sai a ce albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Yaron da ya tashi yana shan ruwan Zamzam daga jarka, bai taɓa ganin tulu a gindin bishiya ba, dole sai an zauna an bayyana masa.

Damo kuwa, sarkin haƙuri, da sunansa malamanmu suke fassara dabbu na Larabci, mai jela da ƙayoyi, wanda yake cin ganyaye a hamadar Najdu. A gidan Nana Maimuna aka kawo gasasshensa, Annabi (SAW) bai ci ba, ya ce ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, Khalid bin Walid kuwa ya jawo ya ci a gabansa.