Gwangwanin Sulallan Inna

Asabar, Unguwar Rogo, Jos.

Sanyin yau ya fi na jiya. Da asuba ruwan randa kamar ƙanƙara, hazo kuma ya rufe duwatsun da muke hangowa daga ƙofar gida. Manyan barguna na shiga ciro wa yara a ƙarƙashin gadon Inna, sai hannuna ya ci karo da babban gwangwanin madara, nauyi kamar an ɗura masa tsakuwa. Da ƙyar na janyo shi. Murfin ya yi tsatsa, sai da na sa cokali na ɓamɓare.

Sulalla ne fal, har da ƙananan takardun kuɗi a nannaɗe da zare.

Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta leƙo daga cikin mayafi ta ce, "Au, yana nan ashe? Canjin ƙosai ne, 'yar nan. Da aka daina karɓa na rasa inda zan kai su, zubar da kuɗi kuwa ba da ni ba." Shekara da shekaru tana suya a bakin titi kafin ƙafa ta hana ta. Yaya da ya shigo gaisuwa cewa ya yi a ba masu gwangwan su auna a kilo, a huta. Raina bai so ba. Kowane ɗaya a cikin gwangwanin nan sai da Inna ta sha hayaƙi da zafin mai kafin ya shigo hannunta. Na ce masa a'a Yaya, bari dai a ƙirga tukuna.

Bayan karin kumallo na shimfiɗa tabarma a inda rana take fara sauka a tsakar gida, na juye su a babban faranti. Tun farko na ga in na ce ɗaya bayan ɗaya zan bi, to, har la'asar ina nan. Ɗana na fari ne ya kawo dabarar farko: ya ɗauko mayen ƙarfen da ya ciro daga wata matacciyar rediyo, ya wuce da shi a kan farantin. Nan take galibin sababbin suka manne, domin ƙarfe ne a cikinsu, tsofaffin na zamanin farkon naira kuwa ko motsi ba su yi ba. Cikin minti kaɗan an raba tsibi biyu.

Sauran rabon da ido ne, kuma ba wuya. Naira biyu tana da jan zobe da farar tsakiya, da hoton ginin Majalisar Tarayya na Abuja. Naira ɗaya farin zobe ce da tsakiya ruwan zinariya, da fuskar Herbert Macaulay. Kwabo hamsin fara ce tas, da masara a jikinta. Waɗannan ukun su ne Babban Bankin Najeriya ya fitar a watan Fabrairun 2007, lokacin Charles Soludo yana gwamnan bankin, kuma a lokacin ne aka janye ƙananan, daga rabin kwabo zuwa kwabo ashirin da biyar. Na tuna yadda aka yi ta sanarwa a rediyo cewa a riƙa karɓarsu. Ba a daɗe ba farashi ya tsere musu, aka wayi gari babu abin naira biyu a kasuwa, ko alawa.

Dabara ta biyu tawa ce, kuma ina alfahari da ita. Kiret ɗin ƙwai na kwali rami talatin ne da shi. Na ce wa yara kowane rami a zuba goma. In kiret ya cika, ɗari uku ke nan, ba sai an riƙe lissafi a ka ba, ko an kira ka ka tashi ka dawo ba abin da ya ɓace. Autata, wadda ba ta iya wuce goma a ƙirga ba, ita ta fi kowa amfani yau. Ni kuma na jera goma a tsaye a kan benci, na mai da su ma'auni: duk jerin da tsawonsa ya yi daidai da wannan, goma ne, sai dai in shafa da yatsa in tabbatar. Naira biyu ta cika kiret guda da rami goma sha ɗaya, wato naira 820. Naira ɗaya ta ba da 370, kwabo hamsin-hamsin suka tashi naira 60. Jimla 1,250. Muka yayyaga tsohon littafin rubutu, muka nannaɗe su hamsin-hamsin kamar alawar madara, na rubuta adadin a jikin kowane ƙulli.

Takardun ba su ɗauki lokaci ba. 'Yan biyar masu Tafawa Ɓalewa, 'yan goma, 'yan Murtala da 'yan hamsin, duka naira 2,300.

Inda ranar ta tsaya mini shi ne kan ɗaya tsibin, wanda mayen ƙarfe ya ƙi. Inna ta sa aka fito mata da kujera, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba saboda sanyi. Ta riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya tana kai wa kusa da ido. Kwabo ashirin da biyar na 1973 mai dalar gyada, kwabo goma mai kwakwar manja wanda har yau ita sule take kiransa, kwabo biyar mai koko wanda ta ce sisi ne. Ta yi wa yara bayanin yadda aka sauya kuɗi a farkon 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma, mutane suka daɗe suna ciniki da tsohon suna a kan sabon kuɗi. Can ƙasa muka tarar da kwabo mai huji guda huɗu da anini ɗaya. Da ta ga aninin sai ta yi shiru. Ta ce mahaifinta yana aikin haƙar kuza a wajen Bukuru, in an biya su ya dawo yakan zura mata irin waɗannan a zare ya ɗaura mata a ƙugu don kada ta yar. Ban taɓa jin wannan labarin ba, duk zamana da ita. Ɗana ya ce, "Inna, ashe da gaske akwai anini? Na zaci magana ce kawai, in an ce ba ni da ko anini." Ta yi dariya har da tari.

Da azahar na ɗauki takardun da ƙulli biyu na naira bibbiyu na nufi kantin bakin layi. Takardun mai kantin ya karɓa da murna, don canji yana masa wuya, na ɗauko sukari da ashana da maggi. Da na ajiye sulallan sai ya girgiza kai ya ce, "Haba Hajiya, ni wa zan ba? Ko yaro ba ya karɓa." Ban yi masa musu ba, gaskiyarsa ce, shi ma maƙalewa za su yi a hannunsa. Amma abin ya tsaya mini a rai a hanyar dawowa. A doka waɗannan kuɗi ne halal, dokar Babban Banki ta 2007 ma ta hana ƙin karɓar naira, kamar yadda ta hana huda ta ko lalata ta. Doka na nan a takarda, kasuwa kuma ta yanke nata hukuncin. Wanda ya kwana a ciki shi ne irin Inna, mai ƙaramar sana'a, wadda ribarta dama a canji take. A 2012 gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya so a mai da naira biyar, goma da ashirin su zama sulalla, aka yi ca a kai har gwamnati ta dakatar da shirin. A lokacin ina cikin masu cewa ba ma so. Yau da nake ware 'yan goma da suka koɗe har ba a ganin fuskar da ke jiki, ga sulen 1973 kuma garau, sai na ji na fara sauya ra'ayi.

Akwai wasu baƙi a cikin gwangwanin, sefa ta Nijar, da alama masu sayen ƙosai ne suka riƙa haɗawa da su. Su kam har yanzu suna ci a can. Na aika da su wurin maƙwabcinmu mai zuwa Maraɗi sarin kaya, ya ƙirga ya aiko cewa sefa 3,200 ce, wato dala ɗari shida da arba'in a lissafinsu, tunda su kowace sefa biyar dala ɗaya suke kiranta. Ya ce in an yarda zai sayo wa Inna kilishi da su. Ta ce ta yarda, amma mai taushi.

Tsofaffin da aka janye ban bar su zaune ba. Guda shida na ɗinke a cikin kalmasar labulen ƙofar Inna, iskar hunturu ta daina ɗaga shi. Wasu na ba yara, suka buɗe kanti a gindin mangwaro, auta na sayar da ganye sule-sule, yayanta na ba da canji, ni ina ji daga madafa ina gyara musu lissafi. Da yamma na ga sun haƙa ramukan dara suna yi da su maimakon tsakuwa.

Ƙullin naira 1,250 na saka a jaka, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan bi ta banki in zan je Taminus, in zuba a asusun ajiyar Inna. Kwabo mai huji da aninin kuwa ta hana kowa taɓawa. Bayan isha'i na shiga rufe mata taga, na tarar ta zura su a baƙin zare tana gwadawa a wuyan hannun auta, wadda ta riga ta yi barci a gefenta.